Yini Guda A Bakin Teku: Darasi Kan Labarin Ƙasa

'Yan'uwana ɗalibai, ku ba ni aron hankalinku kaɗan in ba ku labarin wata kunya da na sha, da kuma yadda na yi na wanke ta. Na san da yawa daga cikinmu za su tsaya gaban aji su koyar da abin da idonsu bai taɓa gani ba, don haka watakila labarin ya yi wa wani amfani.

Bara, sa'ad da aka rarraba mu makarantu don gwajin koyarwa, ni aka ba ni aji biyar a wata makarantar firamare nan cikin Potiskum. Ran nan darasi ya faɗo kan koguna da teku. Na kwana ina shiri. Na zana taswirar Nijeriya a kan kwali, na shafe gindinta da shuɗin alli, na haddace abin da zan faɗa. Gari ya waye na tsaya gaban yara, na ce musu teku ruwa ne mai faɗin gaske, mai gishiri, kuma kowane kogi na duniya can ya ke ƙarewa. Sai wani yaro, mutumin Dapchi, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kogin garinmu fa? Babana ya ce Chadi ya ke zuwa." Na ce masa ya zauna, ai littafi ya fi babansa sani. Bai daɗe da zama ba wata yarinya ta ce, "Malam, kai ka taɓa ganin tekun?" Aji ya yi tsit. Malamin da ya zo duba ni yana zaune can baya yana rubutu. Na ce, "Mu ci gaba."

Da aka tashi malamin bai yi mini faɗa ba. Abin da ya ce kaɗai shi ne in kira yaro guda daga cikinsu, in ce ya kwatanta mini abin da ya haddace, in ji ko zai iya. Ban kira kowa ba, gama na san amsar. Ni kaina iyakar tekun da na sani shi ne na labarin Annabi Yunusa da aka koya mana muna yara, da shuɗin fentin da ke cikin taswira.

Da hutun damina ya zo, kawuna, wanda ke tuƙa tirelar shanu daga kasuwar Potiskum zuwa Kudu, ya yarda in bi shi. Muka bi ta Bauchi da Jos, muka gangara muka ƙetare Kwara kusa da Lokoja, muka ratsa Okene da Ibadan, har Ikko. Tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000. Aka sauke ni Agege wurin ɗan kawuna, wanda na ke kira Yaya, mai kantin kayan masarufi. Mako uku na yi ina taya shi tsaron kanti. To, ga abin mamaki: cikin mako ukun nan ban ga ko alamar teku ba. Agege cike ta ke da Hausawa, ana ciniki da Hausa, ana sayar da tuwo da fura, sai ka ce ba ka bar gida ba. Na tarar da waɗanda suka shekara biyar a can ba su taɓa zuwa bakin ruwa ba. Sai da ya rage kwana ɗaya kawu ya juyo ya ɗauke ni, na ce wa Yaya, ko ya rufe kanti ya raka ni, ko in tafi ni kaɗai in ɓata. Ya rufe.

Muka fita tun da asuba, muka shiga mota zuwa Oshodi, daga can muka sake wata mai zuwa Obalende. Ba mu jima ba sai motar ta hau wata gada, ruwa ya buɗe hagu da dama. Na dafa Yaya na ce, "Ga teku!" Ya yi dariya har mutanen motar suka waiwayo. Ya ce, "Wannan ai tafki ne, ƙanena. Tekun na gaba."

Wannan shi ne kuskuren da kusan kowane baƙo daga Arewa ya kan yi, ya kamata malami ya san bambancin. Bakin ƙasarmu ta wajen Ikko ba tudu ba ne da ya gangara ya haɗu da teku kai tsaye. Akwai dogon tudun rairayi da ya shiga tsakani, bayansa kuwa ruwa ya kwanta, shimfiɗe, marar zurfi sosai. Kogin Ogun da waɗansu ƙananan koguna suna zuba masa ruwan daɗi ta arewa, teku kuma tana turo masa na gishiri ta wata 'yar ƙofa a kudu, don haka ruwansa gauraye ne. Turawan Fotugal da suka fara zuwa wurin su suka sa masa suna Lagos, watau tafkuna a bakinsu. Yarabawa kuwa Eko su ke cewa, daga nan muka sami namu Ikko. Gadar da mu ke kai ita ce ta uku da ta haɗa tsibirin Ikko da sauran ƙasa. An buɗe ta a 1990, tsawonta kusan kilomita 12. Ta farko, gadar Carter, tun 1901 aka fara kafa ta. Daga bisa gada na hangi Makoko, unguwar masunta, gidajen katako a kan dirkoki cikin ruwa, yara ƙanana suna tuƙa kwalekwale kamar yadda namu ke kora jaki.

Obalende ma tana da labari da ya shafe mu. A 1863, shekara biyu bayan Sarkin Ikko Dosunmu ya sa hannu a takardar da ta ba Ingilishi garin, wani hafsan jiragen ruwa mai suna Glover ya tara waɗansu Hausawa ya mai da su 'yan sanda masu bindiga. Daga wannan 'yar ƙungiya ce sojan Nijeriya ya samo tushe, kuma a Obalende aka zaunar da tsofaffin sojan nan da iyalansu. Har yanzu in ka tsaya a tashar motar za ka ji Hausa ta ko'ina.

Daga nan muka taka da ƙafa zuwa Dandalin Tafawa Balewa. A da filin sukuwa ne, nan kuma aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya ran 1 ga Oktoba, 1960. Ban daɗe a wurin ba, gama siminti ne da kujeru, amma na tuna mutumin da aka sa wa filin sunansa ɗan'uwanmu ne a sana'a. Kwalejin Katsina ya yi, ya koma Bauchi yana riƙe da alli shekara da shekaru kafin ya zama Firayim Minista. Ikko ta ci gaba da zama babban birnin ƙasa har Disamba 1991 da aka koma Abuja, watau a shekarar da aka yanka mana Jihar Yobe.

Gidan kayan tarihi na Onikan yana nan kusa. An buɗe shi a 1957. Yaya shi dai motar da aka harbe Janar Murtala Muhammad a ciki ran 13 ga Fabrairu, 1976, ita ya ke so in gani, na kuwa gan ta da hujin harsashi a jikinta. Akwai kuma kawunan yumɓu na Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000. Amma ni abin da ya tsai da ni ƙaramin abu ne, wuri. Kakata tana da su a bakin ƙwarya, ban taɓa tambayar inda suka fito ba. Ashe ɓawon wata 'yar dabbar teku ce, yawancinsu daga tsibiran Maldib can Tekun Indiya. Jiragen Turawa suka riƙa jibge su a bakin gaɓar nan, fatake suka ɗauka a kan jakuna da kawunan mutane har ƙasar Hausa. Kalmar nan kuɗi da mu ke faɗa kullum, asalinta jam'in wuri ce. Ka ga ke nan teku ta daɗe da shigowa gidajenmu da bakinmu, mu ne ba mu lura ba.

Muka gangara Marina. Na roƙi Yaya ya jira ni, na shiga babbar majami'ar da ke bakin titi, wadda aka aza harsashinta a 1925 aka gama a 1946. A can ne ƙasusuwan Bishop Samuel Ajayi Crowther su ke. Yana yaro aka kama shi a ƙasar Yarabawa, a 1822 aka sa shi cikin jirgin bayi a nan Ikko. Jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin suka kai shi Saliyo, ya yi karatu, har ya zama bishop a 1864. Shi ne ya hau Kwara a 1841 tare da wani Bajamushe, Schön, wanda daga baya ya buga ƙamus na Hausa a 1876. Na fito na dubi ruwan da ke gaban majami'ar, na tuna ba Crowther kaɗai aka fita da shi ta nan ba. Hausawa da yawa, waɗanda aka kamo cikin yaƙe-yaƙen wancan zamani, ta wannan baki aka wuce da su zuwa Bahiya a ƙasar Birazil, su kuwa ba jirgin da ya tare nasu.

Wajen ƙarfe goma sha biyu muka shiga ƙaramin jirgin ruwa mai inji, za mu Tarkwa Bay, gama ba a zuwa can da mota. Aka ba kowa rigar da ke hana nutsewa. Ba na ɓoye muku, da jirgin ya ɗaga hanci ya fara dukan ruwa, na riƙe katako da hannu biyu ina addu'a a zuci. Muka wuce ta gefen manyan jiragen kaya. Kai! Ni da na ɗauka tirelar kawu babban abu ce, sai ga jirgi guda ɗauke da akwatunan ƙarfe irin wanda tirela ke ɗaukar ɗaya tak, an jera su bisa juna hawa hawa, ido ba ya iya ƙirgawa. Can dama aka nuna mini Apapa, da injunan ɗaga kaya tsaye kamar raƙuman dawa.

Aka sauke mu, muka ratsa rairayi ta cikin itatuwan kwakwar Attagara. Tun ban gan ta ba na fara jin ta, wani irin ruri kamar hadari na tasowa daga gabas, amma ba ya yankewa. Sai muka hau ɗan tudu, ga ta.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba sai da abin da muka sani. Ku tuna fili irin na arewacin Yobe da rani, inda ba dutse ba itace, ƙasa ta miƙe har ta haɗu da sama. To, ku mai da wannan fili ruwa, ku sa shi motsi duka. Launinta ma ba shuɗin allina ba ne, toka-toka ce da kore-kore, bakinta fari fat da kumfa. Raƙuman ruwa su taso daga nesa, su yi tsawo, su naɗe, su faɗi, su shimfiɗo har ƙafarka, sa'an nan su ja da baya suna kwashe rairayin da ka taka. Wannan jan shi ne mugun abu, shi ke tafiya da mutane, don haka ban yarda ruwa ya wuce mini idon sawu ba. Na ɗiba da hannu na kai baki. Na tofar da sauri, Yaya na ta dariya. In ka tsaya nan ka dubi kudu sosai, babu wata babbar ƙasa a gabanka sai ƙasar ƙanƙara ta ƙarshen duniya. Kashi bakwai cikin goma na fuskar duniya irin wannan ruwa ne.

Da na natsu sai na tuna abin da ya kawo ni, na fid da littafina da fensir. Abu na fari da na yi, na sami wani kara na kafa daidai inda kumfa ke tsayawa. Muka koma inuwa muka ci gurasa da kifi. Bayan kamar sa'a uku na dawo, na tarar karan yana tsaye cikin ruwa, kumfa ta wuce shi da taki goma sha ɗaya. Ba a yi ruwan sama ba, ba kogin da ya kawo. Wannan ita ce cikowar teku. Wata ne ke jan ruwan duniya zuwa wajensa, rana ma tana taimakawa kaɗan, duniya kuwa tana juyawa, saboda haka teku ta kan ciko sau biyu ta janye sau biyu a kwana guda. Tsakanin cikowa da cikowa sa'a 12 ne da minti 25, shi ya sa kullum ta kan makara da kusan minti 50 bisa ga jiya, daidai yadda fitowar wata ke makara. Ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. A Ikko tashin ruwan bai cika wuce mita ɗaya ba, amma akwai wani lungun teku a Kanada inda ya kan tashi mita 15.

Abu na biyu, na zauna na zuba wa wani jirgi ido, wanda ya fita ya nufi kudu. Ƙanƙancewa ya yi ta yi, amma ba haka ya ɓace ba gaba ɗaya. Gindinsa ya fara nutsewa daga gani, saura bene da bututun hayaƙi, daga baya su ma suka bi. Sau nawa muka faɗa wa yara duniya ƙwallo ce, suka amsa da baki, zuciyarsu ba ta yarda ba? Ga shaida nan a fili. Mutum mai matsakaicin tsawo, in yana tsaye a bakin ruwa, iyakar ganinsa kamar kilomita 5 ne, bayan nan doron ruwa ya tare shi.

Amma abin da ya fi ba ni tunani duk yinin nan shi ne katangar duwatsu. Gefen inda mu ke akwai wata doguwar katanga ta manyan duwatsu da ta miƙe cikin teku, ga kuma 'yar'uwarta can ƙetare, jirage suna bi ta tsakaninsu. Ga dalilinta. A da ƙofar da ta haɗa tafkin da teku rairayi ya kan toshe ta, manyan jirage ba su iya shiga. Sai su tsaya can waje, ƙanana su je su kwaso mutane da kaya, a kan yi hasarar rai da dukiya wurin ƙetare tudun nan. Tsakanin 1908 da 1912 aka jibga waɗannan duwatsu don su tsare ƙofar, aka yashe tsakiya, a 1914 manyan jirage suka fara shiga har ciki. Hanyar jirgin ƙasa kuwa ta riga ta kai Kano a 1911, ta kai Nguru a 1930. Da katangar nan da dogon nan, su suka sa gyaɗar kakanninmu da fatunsu da audugarsu suka sami hanyar zuwa Turai.

To, amma gyaran nan ya zo da ɓarnarsa. Raƙuman ruwa a gaɓar nan ba su dukan ƙasa kai tsaye, a karkace su ke zuwa, don haka kullum suna tura rairayi daga yamma zuwa gabas, kaɗan kaɗan, dare da rana. Da aka gitta katanga sai ta tare shi. Gefen yamma, inda mu ke zaune, rairayi ya yi ta taruwa, ƙasa ta ƙaru. Gefen gabas kuwa, inda a ke kira Bar Beach, teku ta ci gaba da kwashe nasa, ba mai mayar masa. Shekara da shekaru tana cin gaɓa, har ta kai ga malalowa kan titin Ahmadu Bello a tsibirin Victoria. Tun wajen 2008 aka shiga haƙo rairayi daga ƙarƙashin teku ana cike wurin, aka kewaye shi da wata sabuwar katanga, aka soma gina unguwar da a ke kira Eko Atlantic. Dogayen benayenta na hanga daga inda na ke. Bar Beach ɗin da iyayenmu suka ba mu labari babu shi yanzu. Ni a ganina wannan labari guda ya fi shafi goma na littafi koya wa yaro yadda ƙasa ke sakewa, da yadda aikin hannun mutum a wuri ɗaya ke taɓa wani wuri.

Kafin mu tashi na cika gorar roba da ruwan teku, na ƙulle rairayi a leda, na tsinci ɓawon katantanwa iri iri. Yaya ya ce mutane na komawa gida da atamfa da agogo, ni zan koma da ruwa da ƙasa. Muka kai Agege bayan lisha, cunkoson motoci ya cinye mana sa'a uku. Kashegari da asuba na hau tirela.

Wani abu kuma da na lura da shi a hanya. Mako ukun da na yi a Ikko cikin Agusta, ruwan sama kaɗan aka yi, sai dai gajimare da sanyi-sanyi. Muna haurowa Arewa muka tarar da damina tsakiyarta. Ashe su can daminarsu kai biyu gare ta: ruwa mai yawa a Yuni da Yuli, ya ɗan ɗauke a Agusta, ya komo a Satumba da Oktoba. Mu kuwa Agusta ne watan marka. Duk da haka ruwan da su ke samu a shekara ya ninka namu biyu. Iskar da ke kawo mana damina daga kan tekun nan ta ke tasowa, ɗauke da laima, ta haura ƙasa. Watau ruwan da ke cika tafkunanmu, ya raya geronmu, tururin wannan teku ne.

Yanzu bari in zo kan darasin kansa. Da muka dawo hutu na koma makarantar nan na roƙi hedimasta ya ba ni sa'a guda da yaran, waɗanda yanzu sun shiga aji shida. Ya yarda. Wannan karon ban fara da taswira ba. Na fara da tambaya: shanun da a ke lodawa a kasuwarmu, ina a ke kai su? Hannuwa suka tashi ko'ina, gama rabin ajin 'ya'yan direbobi ne da dillalai da masu lodi. Su da kansu suka jera mini garuruwan hanya, ni dai rubutawa na ke yi a allo, har muka isa Ikko. Na ce, to, bayan Ikko sai ina? Suka yi shiru. Na ce nan ƙasa ta ƙare. Na tambaye su keken haya mai ƙafa uku da suka hawo da safe daga ina ya fito. Wani ya ce Kano. Na ce kafin Kano fa? Muka bi sawunsa har Apapa, har Indiya. Muka juya kuma muka bi buhun riɗi da na ƙaro daga kasuwannin Yobe har cikin jirgi.

Sa'an nan muka fita waje. Na sa suka tara rairayi a babban faranti, muka karkata shi, muka zuba ruwa a gefe guda, yaro ɗaya yana tura ruwan da murfin kwano a karkace. Kowa ya ga rairayi na tafiya gefe. Muka gitta ɗan katako a matsayin katanga, nan da nan ya taru a gefe ɗaya, ɗaya gefen ya zaizaye. Ban gama bayani ba wata yarinya ta ce ai haka iskar hunturu ke yi wa dangarsu, ƙasa ta taru a bayanta. Wannan misali ya fi nawa kyau, na kuwa gaya mata haka. Duk wanda zai gwada wannan, ya nemi faranti mai faɗi, kada kuma ya cika ruwa, in ba haka ba taɓo kawai zai samu. Ni sai da na ɓata biyu a ɗaki kafin na gane.

Game da gishiri, kwana uku kafin ranar na riga na zuba kofi guda na ruwan tekun a baƙin tire na shanya a rana. Ruwa ya tafi, ya bar farin ɓawo. Na zaga da shi kowa ya lasa. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kamar giram 35, watau wajen cokalin shayi shida. Na tambaye su inda suka taɓa ganin ruwa ya ƙafe ya bar farin abu a ƙasa. Waɗanda suka san ƙasar Manga suka ce kanwa. Shi ke nan, rabin bayani ya ƙare. Ruwan sama yana narkar da ɗan gishirin da ke cikin duwatsu da ƙasa, koguna su kai shi teku, rana ta ɗebe ruwan ta bar gishirin, haka a ke yi tun fil azal. Nan kuma amsar tambayar da yara kan yi ta ke, wai don me teku ba ta cika ta tumbatsa: abin da koguna suka zuba, rana na ɗiba.

Daga ƙarshe na ɗauko tsohuwar taswirata mai shuɗin gindi, na kira yaron nan na Dapchi gaban aji. Na ce masa babansa ne ke da gaskiya, ni na yi kuskure, abin da na faɗa masa bara kuma bai kamata ba. Muka bi koguna da yatsa tare. Garin nan namu, wanda ya ɗara teku tudu da kamar mita 400, yana zaune ne tsakanin ruwa biyu. Ta arewa da yamma akwai Komadugu Gana, mai bi ta Misau da Dapchi, ya je ya haɗu da kogin Yobe, su zuba a Tafkin Chadi. Wannan ruwa ba ya ganin teku ko kaɗan. Ta kudu kuwa akwai Gongola, mai bi ta Nafada da Dadin Kowa, ya faɗa Binuwai a Numan, Binuwai ta haɗu da Kwara a Lokoja, Kwara ta rarrabu rassa rassa ta shiga teku can gabas da Ikko. Hadari guda zai iya zubar da ruwa a ƙasarmu, rabi ya nufi Chadi, rabi ya nufi tekun da na ɗebo a gora.

Yaron bai ce kome ba game da haƙurin da na ba shi. Ya dubi taswira ya ce, "To Malam, ita Chadi ina ta ke kai nata? Kuma don me ba ta da gishiri?" Allah ya taimake ni na karanta wannan kafin in zo. Na ce rana ce ke shanye mafi yawa, saura kuwa yana tsiyayewa ta ƙarƙashin ƙasa, yana tafiya da gishirin, shi ya sa mutane da dabbobi ke iya shan ruwanta. Yarinyar da ta tambaye ni bara kuwa, ita ƙorafinta ɗaya ne, wai gishirina ya fi na kasuwa ɗaci. Gaskiyarta, gama ba gishirin miya kaɗai ke cikin ruwan teku ba, akwai waɗansu masu ɗaci da a kan raba kafin a kawo kasuwa.

Saura rabin gora na ruwan yana nan wurina a ɗakin kwana, da rairayin da katantanwar. Wanda darasin nan ya faɗo masa a gwajin koyarwa na bana, ya zo da kofinsa in ɗiba masa, amma ya dawo mini da tiren.